Bayan Katangar Barau

Barau mai feshi ne a Kademi. Da damina ta sauka, manoma ke ɗaukarsa ya fesa musu maganin ciyawa da na ƙwari, ya goya tankinsa tun safe sai la'asar. Akwai wani rami a bayan katangarsa inda aka taɓa haƙar ƙasar gini. Idan ya dawo, nan yake juye ragowar magani, ya ɗauraye tanki, ya watsa robobin. Shekara bakwai yana haka.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙazami ne. Ina! Ko tsinke Barau ya gani a tsakar gida, sai matarsa Hure ta sha faɗa. Abin alfaharinsa kuwa shi ne rijiyar da mahaifinsa ya haƙa a cikin gidan, mai ruwan sanyi da daɗi, wadda rabin unguwa ke jefa guga a cikinta. Tsakanin rijiyar da ramin nan, taku goma ne, sai katanga.

'Yarsa Juwairiyya, wadda ke karatun kimiyyar muhalli a Kano, ta zo hutu. Ta leƙa ramin, wari ya doke ta. Ta sami mahaifinta a zaure, ta durƙusa, ta ce masa abin da yake zubawa can yana gurɓata muhalli.

Barau ya yi dariya har da tafa hannu. A Hausar da ya tashi da ita, muhallin mutum shi ne gidansa, inda yake kwana yake tashi.

"Muhallina ga shi nan tas, ko tuwo kika yar a ƙasa sai a ɗauka a ci," in ji shi. "Bayan katanga kuwa ai fili ne na Allah."

Ta bi shi a hankali. Ta ce a karatunsu muhalli ya haɗa ƙasa da ruwa da iska da tsirrai da dabbobi da mutane, kuma abin da ya taɓa ɗaya sai ya kai ga sauran. Ta ce ruwan rijiya ruwan sama ne da ya nutse ya taru can ƙasa, shi ake kira ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma tafiya yake a hankali daga wuri zuwa wuri. Ƙasarsu mai yashi ce, duk abin da aka zuba mata sai ta tura shi ciki.

"Baba, katanga a sama ta tsaya," ta ce. "Ruwan da ke ƙasa bai san da ita ba."

Nan ransa ya ɓaci. Ya ce ya tura ta karatu ne, ba ta dawo ta koya masa Hausa ba. Amma don kada a ce bai yi komai ba, sai ya sa aka yi wa rijiyar murfin ƙarfe har da kwaɗo. A tunaninsa, guba ta baki take shiga.

Daminar bana ta zo da ƙarfi. Ramin ya cika ya batse, bayan kwana biyu ya janye ƙaf. Barau har murna ya yi, wai ƙasa ta shanye ƙazantar, an huta.

Ba a jima ba ruwan rijiya ya fara ɗaci-ɗaci. Aka ce halin damina ne. Sai akuyoyin gidan biyu suka mutu. Sai 'ya'yan maƙwabta suka kama amai da gudawa. Hure kuwa, wadda ke wuni a gida tana sha tana girki da shi, ita ta fi jin jiki. Ciwon ciki ya kwantar da ita, hannuwanta suka riƙa rawa, aka kwashe ta zuwa asibiti a Gaya.

Ma'aikatan lafiya suka ɗebi ruwan rijiyar suka tafi da shi gwaji. Da suka dawo, da buhunan siminti suka zo. Barau yana tsaye aka toshe rijiyar mahaifinsa, hawaye na bin gemunsa.

Ya haƙa sabuwa a ɗaya kusurwar gidan, ya tarar da wari iri ɗaya. Ya sa gidan a kasuwa don su tashi, ba wanda ya taya. Wa zai sayi gidan da ruwansa ke kwantar da mutane? Ya so ya bar feshi, ba shi da wata sana'ar. Hure ta dawo, amma har yau ba ta iya tsayuwar kirki. Yanzu Barau da kansa yake tura baro zuwa famfon da ke ƙarshen gari, ya bi layi a bayan mutanen da a da suke sallama a ƙofarsa da guga. Wasunsu ko gaisuwarsa ba sa amsawa.

Rannan ya zauna a kan simintin rijiyar, ya kira Juwairiyya a waya. Muryarsa ta yi sanyi.

"Yaushe ruwan nan zai gyaru?"

Ta ce, "Baba, ban sani ba. Yana iya ɗaukar shekaru."

Ya ajiye wayar. Ƙishirwa na damunsa, ga ruwa a ƙarƙashinsa, ba damar ya sha.

Jama'a, muhalli bai tsaya a bakin katanga ba. Duk gubar da muka zuba a ƙasa, a ruwa ko a iska, cikin gidanmu za ta dawo. Mu nisanta ragowar magani da robobinsa daga rijiya da kududdufi, mu tambayi malaman gona yadda ake zubar da su, tun kafin a zo mana da siminti.