Ranar da Aka Jinkirta Dakan Fura

Hasken rana ne ya tashe ta. Ta zabura.

Tun da aka cire mata nono saboda ciwon daji, wata bakwai ke nan barci ya ƙaurace mata. Ma'aikaciyar asibiti ta koya mata dabara: ban da barcin rana, kuma in ta kwanta ta riƙa bin numfashinta sannu a hankali. Ta yi ta gwadawa har ta kusa cire rai.

Amma yau Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Ina ƙarar dakan fura?

Ta leƙa tsakar gida. Matan gidan na zaune shiru, taɓare a jingine.

"Yaya, minsharinki muka ji," matar ƙanen mijinta ta ce ƙasa-ƙasa. "Kasuwa ta jira."

Sai hawayen godiya suka zubo mata.