Wanda Ya Yanka Waƙar Inna

Akwai wani mutum a Kankiya da ya yi wa waƙa yankan rago da rana tsaka, kuma har yau yana yawo da hula a karkace, ba wanda ya ce masa kanzil.

A waya abin ya ɓulla, bai kai minti guda ba. Da farko ka ji fat! kamar an zabga wa jaki bulala, sai wata murya ta taso. Na san kukan jaki, na san ƙarar ƙofar langa-langa da ta shekara ba mai, amma ban taɓa jin an haɗa su a maƙogwaro ɗaya ba sai ranar. A tsakiya mai waƙar ya yi tari sau biyu, ya ci gaba abinsa cikin nishaɗi, kamar wanda aka ba kujerar Makka.

Kafin Juma'a, 'yan acaɓa sun mai da ita kiɗan kiran waya. Kowa dariya, ban da Harisu mai injin niƙa.

Shekara ashirin da biyu Harisu na tsaye a kan injin nan, auduga a kunne, gari a gemu. Kuma shi ne alƙalin waƙa na unguwa, ba tare da kowa ya naɗa shi ba. A wurinsa waƙa baiwa ce kamar tsawo: wanda Allah bai ba shi ba, ya rufe baki ya ja carbi. Matarsa Adawiyya ta daina ko ɗan rerawa a bakin murhu tun shekarar aurensu, don ya ce muryarta na tsinka kunu.

A teburin mai shayi aka kunna masa. Ya saurara, kofi ya tsaya masa a hannu.

"Dutse, dutse, kai ba ka gajiya,
Geron Kunduru, yi laushi mu rabu lafiya."

Waƙar mahaifiyarsa ce, marigayiya Hawwa'u, wadda ta ƙaga a kan dutsen niƙa a gidansu na Kusada. Mutum biyu kaɗai suka rage da suka san ta, shi da ƙanensa Kamilu.

"Ni na gaji muryar Inna," in ji shi, yana tari don ɓacin rai. "Kamilu wushiryarta kawai ya ɗauko. Shi ne. Ba wani."

Duk da haka ya bi sawu. Duk wanda ya tambaya, turo masa aka yi. Jamilatu mai awara, da kullum take kawo markaɗen wake, ta rufe baki da mayafi ta ce ita ba ruwanta, sai ta koma yi masa jajen bel ɗin da ke juya injinsa, wanda ya tsinke ran Talata.

Asabar da hantsi ya hau babur sai Kusada. Washegari ne sunan jaririyar Kamilu, wadda za a sa wa sunan Inna, kuma Harisu ne babba, shi zai tsaya a matsayin uba. Ya tarar da ƙanen a ƙofar gida yana ba ragon suna dusa. Ko sauka bai yi ba.

"Kai, ka tona wa Inna asiri a kabarinta, sannan ka ce za ka yi mata takwara? Ko ka amsa laifinka, ko gobe ka nemi wani yayan. Ni da gidan nan sai a lahira."

Kamilu ya karɓi wayar ya kara a kunne. Ya ji fat ɗin. Ya ji baitin farko. Da aka zo wurin tarin, ya ɗago ya dubi yayansa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya dubi ragon, kamar shi zai ba shi shawara.

"Ni ne, Yaya. Ka yafe mani."

"Ka ji muryarka kuwa? Ko kare ya ji sai ya canza unguwa!"

"Na ji. Amma dai mai yin ta daɗi yake ji, Yaya. Ai ka ji yadda yake ja."

"Daɗin banza! Wanda ba shi da murya ba shi da haƙƙin jin daɗi a bainar jama'a."

Sai da Kamilu ya yi alkawarin ba zai ƙara taɓa waƙar ba, sannan Harisu ya kashe babur. Aka yi suna lafiya, ya ci soye, ya yi wa jama'a bayanin yadda ya ƙwato mutuncin uwarsa. Mutanen Kankiya da suka zo suna suka riƙa gyaɗa kai, idanunsu a ƙasa.

Litinin ya buɗe shago da wuri. Mata suka jera kwanoni, Jamilatu a gaba, Adawiyya ta kawo masa koko ta ɗan tsaya. Ya cusa audugarsa, ya tada inji, ƙara ta cika unguwa har ba ka jin na kusa da kai. Ya juya wa layin baya, ya lumshe ido, kansa na rausaya kamar kullum.

Sabon bel ɗin na arha ne. Fat!

Injin ya yi shiru. Harisu bai yi ba. Dutse, dutse, tari biyu, geron Kunduru, jaki da ƙofar langa-langa a maƙogwaro ɗaya, da murmushin da ba a taɓa gani a fuskarsa ba sai a wurin. In kana ganin mutum ba zai kasa gane muryarsa ba, ɗauki taka a waya yanzu ka saurara, sannan ka zo ka ƙaryata ni.