Gurbin Kwara

"Inna, tashi mu koma gida," ya ce.

Ba ta motsa ba. Tun da jirgin ƙanensa ya kife a gurbin kogin Kwara mai juyawa, kan hanyar kai goro Dahome, a bakin ruwan take wuni kullum. Mutanen Illo sun rarrasa har sun gaji, aka kirawo shi daga jami'ar Badun. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba.

"Mi kake karantawa can?" ta tambaya.

Ya zauna ya ba ta labarin tauraron da kan mutu ya zama rami, yana juyawa yana haɗiye komai, har haske. Malamansa ma gardama suke ko lissafinsu na bukatar gyara.

"Wanda ya faɗa ciki fa?"

"Mai kallo daga nesa ba zai taɓa ganin shigarsa ba. A bakin ramin zai riƙa hango shi, kamar ya tsaya."

Ta gyaɗa kai.

"Ashe sun sani. Ga ƙanenka can, hannu ɗage, bai gama nutsewa ba."

Har la'asar yana gefenta, bai yarda ya dubi ruwan ba.