Ɗaliba ta Takwas

Mutanen tsibirin suna cewa tsohon mai jirgin fito shi ya kwashe yaran garin ɗaya bayan ɗaya zuwa hayi, har da 'yarsa, wadda ya hana ta harshen ƙasarsu Ailan tun rasuwar uwarta. "Turanci ke ba da abinci," in ji shi, bulala a hannu.

Yanzu hukuma ta ce za ta rufe makarantar tsibirin, mai koyarwa da harshen kakanni, muddin ɗalibai ba su kai takwas ba. Bakwai suka rage.

"Kai tsoho, dawo mana da ɗaya cikin waɗanda ka sace mana!" in ji malamar, tana tsokanarsa.

Rannan sai ga 'yar tasa a jirginsa, furfura ta fara fito mata, riƙe da hannun yarinyarta. Ko gaisuwa babu.

"Makaranta na kawo ta, Baba, ba wurinka ba."

A tsakiyar teku yarinyar ta soma waƙar reno da harshen da ya binne. Muryar matarsa ce sak, har wurin da numfashinta kan yanke.

"Wa ya koya mata?"

"Ni. Ina yarinya, cikin bargo na riƙa rerawa, don kar ka ji."

Ya kashe injin, jirgin ya yi ta lilo. Ya daɗe yana lalubo kalmomin da harshen uwarta kafin su fito.

"'Yata, ki yafe mini."