Wanda Ya Tona Mangazar Alhaji

Ranar da sojoji suka fasa mangazar Alhaji, wato ɗakin ajiyar kayansa, a Matameye, suka kwashe buhu ɗari bakwai na hatsin da ya ɓoye ana tsakiyar fari, kwantabul ɗinsa, wato akawunsa, bai girgiza ba. Shi kaɗai ke riƙe da lissafin, amma ai ya biya inshorar ɓarayin intanet. A ganinsa su suka sace lissafin daga kwamfutarsa har ya kai hannun sojoji.

Ma'aikaciyar kamfanin inshorar ta zo daga Damagaram, ta wuni tana binciken kwamfutarsa.

"Malam, ba wanda ya shiga na'urar nan. Kai ma da ƙyar kake shiga."

"Madam, sake dubawa. Alhaji ya kai ni kotu. In ba ku biya ba, gidana zai tafi."

Don ya sanyaya mata rai, ya sayo mata ƙosai wajen tsohuwar da yake ba tsofaffin takardun ofis sadaka duk Juma'a.

Ta cinye, ta warware takardar da aka ƙunso ƙosan a ciki za ta goge hannu. Mai ya jiƙa ta, amma rubutun na nan sarai: sunan Alhaji, unguwa, buhu ɗari bakwai.

"Malam, sojoji ma na sayen ƙosan nan?"

"Layi suke yi," ya ce da alfahari.