Uwar Jar Karsana

Sau uku na'ura mai ƙwaƙwalwa tana tofo katin karsanar nan, sau uku Lawali yana ɗura mata ashar.

Shi ya tsara aikin a ofishin dabbobi, shekarar da cutar bushiya ta faɗa wa garkuna. Kowace saniya layi guda: lambarta, mai ita, lambar uwarta. Ya kuma kafa doka, in babu uwa a jadawali, ba a karɓar 'ya, sai in sayo ta aka yi. Shanun Kajiji da na Mandera duk suka zauna daram, ban da jar karsanar Hammadu na Horo Birni. Ga shi gwamnati ta tsuke bakin aljihu, an ce in jadawalin bai cika ran Juma'a ba, ya kwashe komatsansa.

Ya hau babur ya dira rugar a fusace. Hammadu fa tsoho ne da yake jero uwayen kowace saniyarsa har bakwai ba gargada. Da aka zo kan jar, sai ya yi gum.

"Sayenta ka yi?" in ji Lawali.

"A'a."

"To ina uwarta?"

Tsohon ya ƙare masa kallo. "Kai ɗan Atika na, na Boɗinga? Tashi ka ba ni wuri!"

Kai, abin ya ƙona wa Lawali rai! Ya kwashi takardunsa sai gaban hakimi, ya kira dattijon ɓarawo a bainar jama'a. Hakimi ya ce ko Hammadu ya faɗi uwar, ko a karɓe karsanar. Hammadu ya kwance igiya ya miƙa.

Lawali ya soke layin, jadawali ya cika, aiki ya tsira. Ya isa gida yana taƙama, ya tarar da mahaifiyarsa tana tatsar tsohuwar saniyarsu, ya zayyana mata komai.

Atika ta ajiye ƙwarya, idonta ya kawo ruwa.

"Wagga saniya aro ta, irin na Hilani. Bayan haihuwa ukku ya kamata a maishe ta, sai ubanka ya rasu. Mai ita, Hammadu, ya ce in riƙe har ka gama karatu, shi kau ba shi hwaɗa ma kowa. Kunya ta sa ni aika mishi da ɗiyarta, ja."