Kacalar da Mai Lambu Ya Rantse Zai Ƙone

Tunda ka zo kana ƙorafin ɗanka ya bar likitanci ya zaɓi karatun ruwan kwatami, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai lambu a bakin rafi, bayan wani gari. Lambun gado ne, a nan ubansa ya tsufa yana ban-ruwa, shi ma a nan furfura ta cim masa. Abokin gabarsa guda ne a duniya, wato kacala, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa mai toshe wa manoma hanyar ban-ruwa. Kowace shekara sai ya sare ta ya banka mata wuta, yana yi yana tsine mata, ita kuwa da an kwana biyu ta sake tsirowa. Ana nan gari ya bunƙasa, kwatamin gidaje da ruwan masu rini da na masu wankin mota duk aka karkato su cikin rafin. Ruwa ya yi baƙi, yana kumfa yana wari. Latas ya riƙa ƙonewa tun yana ƙarami, albasa ta ƙi yin kai. Shekara uku a jere yana shuka ba ya tsinkar abin kirki, har ya ce wa wani mai buga bulo, in ranin bana ma ya tafi haka, ya zo ya ɗauki filin. Ranar da ya furta wannan magana ko tuwo bai iya ci ba.

To, yana da 'ya a jami'a, tana karatun injiniyan ruwa da tace gurɓataccen ruwa. Maƙwabta kan tsokane shi, su ce ina labarin injiniyar kwatami, shi kuwa ya yi dariyar yaƙe, don a ransa ma bai ga abin da za a shekara biyar ana karanta wa ruwan ƙazanta ba. Da ta zo dogon hutu, sai ta ɗibi ruwan rafin a kwalabe, ta zagaya lambun, sannan ta roƙe shi ya ba ta komi huɗu daga gefen rafi. Ya ba ta, tunda dai filin ya kusa zama na wani. Ta sa aka haƙa ramuka uku a jere, kowane ya ɗan fi na gabansa tudu, don ruwan rafin da aka zuba a na farko ya riƙa gangarawa har zuwa na uku. Na farko ruwa ya kwanta a ciki datti ya zauna ƙasa, na biyu aka cika shi da tsakuwa da yashi. Duk wannan bai dame shi ba. Sai da ya zo wata safiya ya tarar da ita tsamo-tsamo cikin laka tana dasa kacala a rami na uku, layi-layi, kamar mai dashen shinkafa. Ya tsaya riƙe da fartanya. Ta ce, "Baba, saiwarta ce ke shanye dattin. Don Allah ka ba ta wata biyu, kada ka taɓa ta."

Ta koma makaranta ta bar shi da ciyawa da dariyar maƙwabta, wai wane ya aika 'ya birni ta koyo noman kacala. Sau biyu yana zuwa bakin ramin da ashana a aljihu, kunyar alkawari na mai da shi. Da wata biyu suka cika, mutumin naka bai yarda da maganar kowa ba, sai ya ware komi biyu ya dasa latas iri ɗaya a rana ɗaya. Ɗaya ya riƙa ba shi ruwan rafi kai tsaye, ɗayan kuma ruwan da ke tsiyayowa daga gindin kacala, wanda ba kumfa ba wari. Kafin mako uku na farkon ya yi rawaya ya kwanta, na biyun kuwa ya yi kore shar har ganye na hawa kan ganye. Ya tsuguna a tsakaninsu ya daɗe, ya sauke ajiyar zuciya, ya ji nauyin shekara uku ya sauka daga ƙirjinsa. Ya aika wa mai bulo ya nemi fili a gaba. Da 'yar ta kira shi a waya tana tambayar lambu, sai ya ce, "Lafiya lau yake. Amma kacalar taki ta yi kaɗan, a ina zan ƙara dasa wata?"

Ka ga dai, shekara arba'in maganin yana bakin lambunsa yana ƙone shi da hannunsa, sai da aka sami wadda ta je ta karanto. Ka ƙyale yaro ya yi karatunsa. Hausawa sun gama magana da suka ce, rashin sani, kaza ta kwana kan dami.